Shirin ɗauka ko gyaran hoto: wanne mai koyo zai fara sa ƙarfinsa a kai?

Ɗan ƙanwata ya same ni a rumfar ƙofar gida a unguwar Hausare, nan Garwa a arewacin Kamaru, washegarin da aka ba su dogon hutu. Ya gaishe ni, ya zauna a gefen tabarma, ya daɗe yana juya waya a hannu kafin ya faɗi abin da ke tafe da shi. Wata uku gare shi babu lekol, wato makaranta, kuma ya tara 'yan kuɗi daga taya wani tsare shago a kasuwa. Wani abokinsa ya ce zai koya masa gyaran hoto in ya sayi tsohuwar kwamfuta. Ni kuma, da yake ɗaukar hoto ce sana'ata, na taɓa ce masa duk ranar da ya shirya, ya zo ya riƙa riƙe mini jaka zuwa wuraren biki.

"Kawu," in ji shi, "lokacin ba zai ishe ni duka biyun ba, kuɗin ma haka. Wanne zan fara?"

Na ce ya fara da shirin ɗauka. Amma ban so ya karɓa don kawai kawunsa ne ya faɗa, kuma na san akwai matasa da yawa daga Ngaundere har Marwa da Kusiri da ke tsaye a wannan mararraba. Kowace hanya tana da abin da take bayarwa da abin da take ci, kuma akwai mutanen da zan ba su shawarar akasin wadda na ba shi.

Shirin ɗauka shi ne duk abin da mai hoto yake yi kafin ya danna: sanin inda haske zai fito da ƙarfe nawa, zaɓen wurin tsayuwa, duba abin da ke bayan mutum, saita kyamara, neman izini, da sanin lokacin da abin da ake jira zai faru. Gyara kuwa shi ne abin da ke biyo baya: zaɓen hoton da ya fi, datse gefensa, daidaita haskensa da launinsa, goge ɗigon ƙura.

Wanda ya zaɓi shiri, malaminsa na farko rana ce, kuma ranar Garwa ba ta da sassauci. Muna kusan digiri 9 arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka duk shekara rana tana fitowa wajen ƙarfe 6 ta faɗi wajen ƙarfe 6, saɓanin bai cika wuce rabin sa'a ba gaba ko baya. Tana hawa a miƙe, tana sauka a miƙe. Kafin ƙarfe 9 na safe ta riga ta yi sama. Sau biyu a shekara, tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta, takan tsaya daidai bisa kai da tsakar rana har mutum ya taka inuwarsa. Hoton fuska a irin wannan haske kowa ya san shi ko bai san dalili ba: ramin ido ya yi baƙi, ƙarƙashin hanci ya yi baƙi, goshi da karan hanci suna ƙyalli kamar an shafa mai, mutum kuma ya tsuke ido. Hasken da ke yi wa fuska adalci yana zuwa ne da sassafe, da kuma bayan la'asar sakaliya, lokacin da rana ta sauko tana bugowa daga gefe. Shi ma ba ya daɗewa. Sa'a ɗaya ta ƙarshe kafin magariba ita ce dukiyar, kuma da rana ta faɗi, minti 20 da 'yan kai duhu ya rufe. Wanda bai zaɓi wurinsa tun da wuri ba, zai ƙare lokacin ne yana neman inda zai tsayar da amarya.

To amma biki ba ya jiran la'asar. Ana ɗaura aure da hantsi ko bayan Juma'a, ana raɗin suna da safe, ana sauka daga Idi rana tana sama. A nan ne mai koyo yake gane cewa inuwa ma iri-iri ce. Inuwar darbejiya, wadda ta cika titunan Marwa da namu, tana da daɗin zama amma tana yaudarar mai hoto, domin rana tana ratsowa ta tsakanin ganye ta yi wa fuska dabbare-dabbare. Inuwar katanga ko ta rumfar zana mai kauri ta fi ta. Wadda ta fi duka ita ce bakin ƙofar zaure, inda haske yake shigowa ta gefe ɗaya, mai taushi, bayan mutum kuma duhu ne da ke ɓoye tarkace.

Na tuna wata kakar amarya da aka ce in ɗauke ta. Tana zaune can cikin ɗaki a ƙarƙashin ƙwan lantarki, da carbi a hannu. Na durƙusa na ce, "Hajiya, ki gafarce ni, a ɗan matso miki da kujerar nan bakin ƙofa." Ta ce, "Ɗan nan, ni da tsufana har sai an yi mini wani tsari?" Amma ta miƙe. Na juya kujerar yadda hasken ƙofa zai sauka a kuncinta na dama, na roƙi wata yarinya ta riƙe babban tiren da aka kawo abinci a kai, ta tsaya a hagu tana mayar da haske. Da yarinyar ta ɗan karkata tiren, sai ga ɗigon haske a idanun tsohuwar, zanen da ke kumatunta ya fito, har zaren carbin ana gani. Gyaran wannan hoto bai ci mini minti biyu ba. Yana rataye a falon jikarta yanzu, Hajiya kuwa Allah Ya yi mata rasuwa.

Abin da ya fi ba masu hoton ƙasarmu wahala shi ne haɗuwar baƙar fata da fararen kaya. Ma'aunin hasken kyamara an gina shi ne ya ɗauka cewa duk abin da ke gabansa, in an gauraya, launin toka ne matsakaici. In ka nuna masa sahun mutane cikin fararen riguna a filin Idi, sai ya ga fari ya yi yawa, ya rage haske, fuskoki su dawo baƙi ƙirin. In ka ƙara haske don fuska ta fito, riga ta ƙone. Maganinsa ba a kwamfuta yake ba. Ko ka shigar da mutum inuwa, inda tazarar da ke tsakanin hasken riga da na fuska take raguwa, ko ka juya shi ya ba rana baya sannan ka cika fuskarsa da filasha ko farin ƙyalle.

Da tsada na koyi wannan. A shekarun farko na sana'ata an kira ni ɗaurin aure cikin watan Maris, wajen ƙarfe 2 na rana. Ango ya sa farar shadda, da aikin hannu fari a kan fari tun daga wuya har aljihu. Na tsayar da shi a filin ƙofar gida, na ƙara haske har fuskarsa ta fito sosai, na duba fuskar kyamara cikin rana na ga kamar komai lafiya. Da dare na buɗe hotunan, rigar ta zama fari fat kamar takarda, babu zare ɗaya na aikin. Na kwana ina rage haske, ina ja ina saki. Farin ya koma toka-toka, amma aikin bai dawo ba. Da na kai hotunan, mahaifiyar angon ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a hankali, "Malam, ina aikin rigar? Wata biyu aka yi ana yin sa." Ban sami abin da zan ce mata ba, kuma har yau in na tuna sai na ji nauyi.

Dalilin abin a lissafi yake. Hoton JPEG, wanda waya da kyamara suke bayarwa kai tsaye, yana ajiye kowane launi a matakai 256 ne kawai, daga 0 zuwa 255. Duk abin da haskensa ya wuce iyaka, 255 ake rubuta masa, ko zare ne ko shadda, babu bambanci. In ka rage haske daga baya, duka tare suke sauka. Fayil ɗin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ta kama kafin ta sarrafa shi, ya fi faɗi nesa ba kusa ba, yana ɗaukar matakai 4,096 ko 16,384 gwargwadon kyamara, don haka yakan ceto abin da JPEG ya zubar. Amma shi ma yana da bakin iyaka. Abin da kyamara ba ta kama ba, babu manhajar da za ta tono shi. Haka nan hoton da ya yi dishi-dishi don hannu ya motsa, ko wanda kyamara ta kama bango ta bar fuska, ko wanda aka danna bayan liman ya riga ya shafa fatiha. Akwai manhajojin zamani da ke cewa suna gyara dishi-dishi, kuma in ka gani za ka yi mamaki. Sai dai ƙirƙira suke yi, suna zana ido da haƙoran da suke zaton sun dace. A hoton talla wannan ba komai. A hoton mahaifin mutum da ya rasu, ba shi idon wani ba ƙaramin abu ba ne.

Saitin kyamara da ke tsorata masu koyo, a wajen shiri ake koyonsa, kuma abu uku ne kacal. Akwai faɗin ƙofar haske, wanda ake rubutawa da f: ƙaramar lamba kamar f/1.8 tana buɗe ƙofar sosai ta narkar da abin da ke bayan mutum, babbar lamba kamar f/11 tana fito da na kusa da na nesa. Akwai saurin ƙyaftawa, wato tsawon lokacin da kyamara ke barin haske ya shiga: 1/100 na nufin kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. Sai ISO, wanda ƙara shi ke ba ka damar aiki a duhu amma ya zuba wa hoto yashi-yashi. Tsohuwar ƙa'ida ta masu fim tana aiki har gobe: cikin rana tsantsa, ISO 100 da f/16 da ƙyaftawa 1/100 za su ba ka haske daidai. Ranar hawan Sallah, lokacin da mahayan Lamiɗo suka sako dawakai a guje, ƙasa da 1/1000 ba zai tsayar maka da ƙafar doki ba. Kuma saurin kyamara ba zai amfane ka ba in ba ka je tun jajibiri ka ga ta inda dawakan za su fito, ta ina rana za ta kasance, ina dogarai za su bar ka ka tsaya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Da dare kuma, wutarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, shi ya sa wasu fitilu ke sa wa hoto ratsi-ratsi. Ƙyaftawa 1/50 ko 1/100 takan kawar da shi.

Wani ɓangare na shiri da babu ruwansa da na'ura shi ne mutane. Sallama, gabatar da kai, tambayar maigida wa za a ɗauka wa ba za a ɗauka ba, sanin cewa ba kowace mace ce take son hotonta ya fita ba. Da sanin inda ba a ɗaga kyamara ko kaɗan: barikin soja, filin jirgin sama, shingen jami'an tsaro. Wanda ya bi mai sana'a yana riƙe jaka, waɗannan yakan sha su ba tare da an zaunar da shi ba.

Duk wannan, me yake ci? Kusan ba ya cin kuɗi. Wayar da ke hannunka ta isa ka koyi haske, tsayuwa da lokaci. Abin da yake ci shi ne ƙafa, zufa da haƙuri, kuma sakamakonsa ba ya saurin bayyana. Sati biyun farko sai ka ga kamar ba ka ci gaba.

Gyara kuwa nan take yake faranta rai, kuma wannan ne ƙarfinsa da haɗarinsa. Ka ja yatsa, sama ta yi shuɗi, zane ya yi kauri, abokai su yaba. Ba na raina shi, domin akwai matsalolin da shi kaɗai ke warware su. Na farko launi. Hasken rana yana wajen 5,500 a ma'aunin Kelbin da ake auna launin haske da shi, tsohon ƙwan lantarki mai ruwan ɗorawa yana wajen 2,700, inuwa kuma tana karkata zuwa shuɗi. A wurin biki da dare za ka tarar da farar fitila a nan, ja a can, ga fitilar mai bidiyo. Fuskar amarya takan fito rabi kore rabi ruwan lemo, kuma duk iya shirinka sai ka zauna ka daidaita. Na biyu hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska tana kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Cadi, wanda masana ke lissafawa a sahun gaba cikin wuraren da suka fi tayar da ƙura a duniya. Hazon yana tausasa rana, fuska tana jin daɗinsa, amma yana wanke launi. Wanda ya je Rumsiki cikin Janairu ya ɗauko duwatsun Kapsiki zai dawo da hoto fari-fari kamar an lulluɓe shi da mayafi. Ƙara bambancin haske da duhu kaɗan yakan dawo masa da rai. Ƙurar nan kuma tana shiga cikin kyamara duk sanda aka canja gilashin gabanta a waje, ta bar ɗigo a wuri ɗaya a kowane hoto, sai an bi an goge.

Amma babban abin da gyara ke koyarwa, wanda ba a cika faɗa ba, shi ne zaɓe. Ka dawo da hoto 400, ka fitar da 30. Zaman da kake yi kana kwatanta biyu masu kama da juna, kana tambayar kanka me ya sa wannan ya fi wancan, shi ne yake wasa ido. A nan za ka ga sandar lantarki da ta tsiro a kan ango, da bokitin da ke bayan amarya, gobe kuma ka gan su tun kafin ka danna. Ta wannan fuska gyara yana ciyar da shiri, shi ya sa ban ce a ajiye shi gaba ɗaya ba.

Kayan aikinsa hawa-hawa ne. A waya akwai Snapseed, wadda Google ya saya a 2012: kyauta ce, tana aiki ba tare da intanet ba, tana ba ka damar taɓa wuri ɗaya, kamar fuska, ka ƙara masa haske ka bar sauran. Ga mai koyo a nan, ban san wadda ta fi ta dacewa ba. Lightroom ta waya ita ma ana saukar da ita kyauta, ta fi ƙwarewa wajen launi, kuma kana iya kwafe gyaran hoto ɗaya ka ɗora wa wani, abin da ke rage wahala in hotunan biki sun yi yawa. Sai dai sai ka buɗe asusu, kuma wasu kayan cikinta sai da biya. A kwamfuta, Photoshop tun 2013 ba a sayar da sabonsa a mallaka, haya ake biya wata-wata ko shekara-shekara, kuma biyan yana son katin banki, alhali yawancin matasanmu kuɗinsu a waya yake. Shi ya sa ake yawo da na sata a 'yar ma'ajiyar USB, wanda sau da yawa yake zuwa da cutar da ke lalata kwamfuta har da hotunan mutane. Akwai na halal kyauta: darktable don fayilolin RAW, GIMP don aikin yanka da haɗawa. Suna da wuyar sabo, amma suna yin aikin.

Kwamfuta kuma ba kuɗin sayenta kaɗai take ci ba. Tana son wuta, ga shi wutar arewa ta dogara sosai da madatsar Lagdo, in ruwa ya ja baya da rani sai a shiga rabon wuta. Tsohuwar kwamfuta batirinta ya riga ya gaji. A Maris da Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, takan yi zafi ta riƙa tsayawa ana tsakiyar aiki. Fayil ɗin RAW ɗaya yakan kai megabait 20 zuwa 30, biki ɗaya ya cika maka wuri, sai ka nemi inda za ka adana. Koyon ma yawanci ta bidiyo ne, bidiyo kuma data yake sha. Sannan fuskar waya ko ta kwamfuta tana ƙarya: in ka ƙure haskenta kana gyara, hoton zai fito da duhu ranar da aka wanke shi. Duk mai koyon gyara ya riƙa kai hoto biyu ko uku wurin wanki lokaci-lokaci, ya riƙe takardar kusa da fuskar wayarsa ya ga bambanci. In zai tura wa mai wanki ta WhatsApp, ya tura a matsayin fayil, domin turawar yau da kullum tana matse hoto ta rage masa inganci.

Akwai abu ɗaya a harkar gyara da ke damuna ƙwarai. Kusan kowane mai hoto a nan ya sha jin "a ɗan ƙara mini haske", kuma ba hasken hoto ake nufi ba, hasken fata. Yaron da ya fara da gyara, wannan ne abu na farko da kasuwa za ta koya masa: ya faranta fuska, ya goge ta sumul har ta zama kamar roba, ya share zanen fuska da aka gada. Daga baya hannunsa ya saba, ko ba a roƙa ba yana yi. Shekaru da dama kamfanonin fim a Amurka suna daidaita launin injinan wankinsu da hoton farar mace, baƙar fata ta riƙa fitowa ba yadda take ba. Yanzu da na'urar ta zo hannunmu, bai kamata mu ci gaba da wannan da kanmu ba. Abin da na lura kuwa, yawancin masu neman a faranta su, abin da ya dame su shi ne sun saba ganin fuskarsu a hoto ta yi duhu, ba a ganin ido, ba a ganin murmushi. In ka zaunar da mace a bakin ƙofa, haske ya sauka a fatarta yadda ya kamata, ta ga kanta da kyanta, da wuya ta sake cewa a canja mata launi.

Manyan masu hoton Afirka da duniya ke girmamawa, ƙarfinsu a shiri yake. Seydou Keïta ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a Bamako a 1948. A tsakar gidansa yake aiki da hasken rana, ya rataya zane mai fure a baya, ya tanadi rediyo, agogo da babur don wanda yake so ya fito da su, ya gyara wa mutum zama da ajiye hannu, kuma saboda tsadar fim yawanci sau ɗaya yake dannawa. Samuel Fosso, wanda aka haifa a Kumba ta Kamaru a 1962, ya buɗe nasa a Bangi, babban birnin Afirka ta Tsakiya, yana ɗan shekara 13, sunansa kuma ya fito ne da hotunan kansa da yake tsarawa da sutura da tsayuwa kafin ya ɗauka. Su ma a zamaninsu ana gyara a ɗakin wanki, amma gyaran yana zuwa ne a kan abin da aka riga aka gina.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi damun yaron, ko da bai faɗa ba. A nan gaskiya gyara ya fi saurin kawo na cefane. Wanda ya iya kwamfuta zai yi katin gayyata, hoton 4x4 na takardun jarrabawa da na neman aiki, fostar 'yan kasuwa, ya gyara tsofaffin hotunan da ruwa ko gara suka taɓa. Masu hoto da yawa da aiki ya yi musu yawa suna neman wanda za su miƙa wa gyara. Mai ɗauka kuwa sai ya daɗe kafin a yarda a ba shi biki shi kaɗai, domin biki ba a maimaita shi. Amma in ya kai, shi ake nema da suna, kuma ranakun aiki ba sa ƙarewa: Sallah biyu, ranar matasa 11 ga Fabrairu, 8 ga Maris da mata ke fitowa da ankonsu, ranar ƙasa 20 ga Mayu, ga aure da suna da saukar karatu duk shekara.

Don haka akwai waɗanda zan ce su fara da gyara. Wanda ya riga yana da kwamfuta a gida ko a wurin aiki. Wanda ke bukatar kuɗin shiga cikin wata ɗaya ko biyu. Wanda lalura ko yanayin gida bai ba shi damar yawon biki. Da wanda zuciyarsa ta fi karkata ga zane da rubutu fiye da hulɗa da jama'a. Ga 'yan mata kuwa, na kan ji ana cewa su tsaya a gyara tunda aikin cikin gida ne. Ni ina ganin su ne ma suka fi kowa damar ɗauka. Ranar lalle, ranar kamu, zaman amarya da ƙawayenta a ɗaka, wurare ne da namiji ba ya shiga, ko ya shiga kowa ya ja mayafi ya kame. Mace mai kyamara da ta san haske tana da kasuwar da babu namijin da zai ƙwace mata.

Shi ɗan ƙanwata ba ya cikin waɗancan. Ba shi da kwamfuta, ba a matse yake da neman kuɗi ba, ƙafarsa lafiya, kuma yana da bakin gaisuwa. Hutunsa ya faɗo cikin damina, lokacin da gajimare ke tace rana, gari ya yi kore, kogin Binuwai ya fara cika, hasken da mai koyo zai so ya fara da shi ke nan. Na ce ya riƙe kuɗinsa tukuna, ya sayi abin cajin waya na tafi-da-gidanka da farin yadi ɗaya kawai. Wata biyun farko ya bi ni, da wayarsa zai yi ta ɗauka. Aikin da na fara ba shi shi ne ya ɗauki mahaifiyarsa a wuri ɗaya sau uku, ƙarfe 7 na safe, tsakar rana, da ƙarfe 5 na yamma, ya zo ya gaya mini abin da ya canja. Kowane dare ya ware kwata ɗaya na sa'a ya zaɓi hoto uku daga na ranar, ya taɓa su a Snapseed da sharaɗi ɗaya: datse gefe, haske, launi, shi ke nan, ban da filta. A wata na uku sai ya je wurin abokin nasa ya zauna a gaban kwamfuta, da hotunansa na kansa a hannu, ya koyi gyara a kan kurakuran da ya san yadda aka yi su. In hutu ya ƙare yana nan da sha'awarsa, sai mu duba ko kuɗin za su kai tsohuwar kyamara mai gilashin 50mm, ko kwamfutar ce ta fi masa.

Ranar Lahadin da ta wuce na tafi da shi kasuwar Pitowa. Ya tsaya wurin wata mai sayar da ƙore, ya gaishe ta da Fulatanci, ya nemi izini, ta yi dariya ta ce ya ɗauka. Na zaga na sayo abin da zan saya, na dawo bayan kusan rabin sa'a, na same shi tsugune a wuri ɗaya, wayar tana kan gwiwarsa. Na ce, "Ka gama? Mu tafi kafin hadarin nan ya taso." Ya nuna mini gefen rumfar, inda rana ke cin rabin fuskar matar da ƙoren da ke hannunta. "Kawu, ɗan ƙara mini kaɗan," in ji shi. "Inuwar ba ta iso ba tukuna."